Gidan Injiniya Bayan Ruwa Ya Janye

Taubashina injiniya ne. Mahaifiyarsa ƙanwar babana ce, ita muke kira Gwaggo, saboda haka tun ina ƙarama nake da lasisin tsokanarsa, kuma ban taɓa bari lasisin ya mutu ba. Ya riga ni zuwa Amurka da shekaru masu yawa. Ya yi karatu, ya sami aiki a wani ofishi a Washington inda suke duba zanen gadoji. Ni daga baya na biyo miji, na zama nas, muka zauna a Greenbelt. Kowa Injiniya yake ce masa, har matarsa. Amma ni na san shekara da shekaru yana sa hannu a takardun gada bai taɓa kafa ƙusa a bango ba. In ƙofar kabad ta saki a gidansa, tsayawa yake ya yi bayanin abin da ya same ta dalla-dalla, kafin ya gama matarsa ta ɗauko sukundireba ta ɗaure.

Da yaransu biyu suka tafi jami'a, sai ya ce ya gaji da cunkoson hanyar Woodbridge, garin da suke zaune. Ya sayar da gidan, ya sayi wani ɗan ƙarami a wani gari na masu kamun ƙaguwa a bakin Chesapeake, inda ruwan teku ya kutso cikin ƙasa ya yi faɗin da ba ka hango ɗaya gaɓar. Ranar da muka je ganin gida, na tsaya a barandarsa ruwa yana ta wasa da duwatsu a ƙasanmu, na ce, "Injiniya, kai da aka haifa a garin da sai an haɗa igiya biyu guga yake taɓa ruwa, me ya haɗa ka da teku?"

Ya gyara tabarau ya ce, "Ke matsalarki ba kya yarda da ilimi. Na duba taswirar ambaliya, na yi lissafina. Ko me za a yi, ruwa ba zai wuce matakala ta biyu ba."

Shekara biyu lissafin yana aiki. A ta uku, da kaka, aka fara sanarwar wata mahaukaciyar guguwa tana tahowa daga kudu. Hukuma ta ce duk na bakin ruwa su tashi. Suka iso gidanmu da la'asar da jaka biyu da kwamfutarsa da takardunsu. Matarsa, wadda har yau Amarya nake ce mata duk da furfurar da ta fara leƙowa daga ɗankwalinta, ta shigo tana ta salati. Shi kuwa ya zauna gaban talabijin yana gyara wa mai hasashen yanayi magana. Sati guda suka yi. Mu a Greenbelt ruwa ne kawai aka yini ana zubawa, sai wata bishiya da ta faɗi a wurin ajiye motoci. Amma a rana ta biyu aka nuno garinsu daga sama, rufin gidaje kamar faifai a kan ruwa. Daga nan Injiniya ya daina gyara wa kowa magana.

Ranar Asabar aka buɗe hanya. Na ɗauki hutu, na ari rambut ɗin maigidana wanda ƙafata take yawo a ciki, muka cika kula da dafa-duka, muka kama hanya da sassafe. A bakin gari 'yan sanda suka duba lasisin tuƙinsa, suka ga adireshin, suka bar mu muka wuce. Abin da ya fara tarar mu wari ne, na laka da kifi da man jirgi a haɗe. Sai wani jirgin ruwa a kwance a tsakiyar titi, an kewaye shi da jan ƙyalle, motoci suna zagaye shi. Kowane gida ya amayar da cikinsa a bakin hanya: katifu, kujeru, kafet a naɗe yana ɗiga.

Gidan Injiniya yana nan a tsaye. Na ƙirga matakalar baranda, guda biyar, duk laka ta shafe su. A jikin ƙofa ga layin da ruwa ya bari, baƙi, daidai ƙuguna.

Na ce, "Injiniya, don Allah wacce ce matakala ta biyun? Ko daga rufi ake fara ƙirgawa?"

Amarya ta mintsine ni. Shi kuwa yana ta fama da mukulli, ƙofar ta kumbura ta ƙi buɗewa sai da ya sa kafaɗa. Muka shiga. Kujerun falo sun yi iyo sun taru a lungu ɗaya. Laka ta kai idon sawu. Dardumomin salla da Amarya take jerawa a kwando sun zama dunƙule guda. Amarya ta tsaya a ƙofar kicin ɗinta ta dafa bango, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, sau uku. Na riƙe hannunta. Mun fi minti goma babu wanda ya san ta inda zai fara.

Muna nan tsaye muka ji hon a waje. Wata mota ce a-kori-kura tana jan tirela cike da baro da shebur da fankoki, mutum bakwai suka diro sanye da riguna ruwan ɗorawa. 'Yan sa-kai ne masu bin gida-gida bayan irin wannan masifa, suna kwashe laka da ɓamɓare abin da ya jiƙe, kyauta, don mazauna garin. Shugabarsu wata Baturiya ce 'yar guntuwa, ta haura saba'in, gashinta fari fat a cikin hular hana-salla. Daga baya na ji shekara talatin ta yi tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, kuma da jin muryarta ka san haka ne. Kafin azahar mun raɗa mata suna Saja.

Injiniya ya tare ta da tef ɗin awo a hannu. Ya gabatar da kansa, ya faɗi inda yake aiki, ya ce yana ganin kafin a taɓa komai ya kamata a zauna a tsara aikin mataki-mataki. Ta saurare shi har ya kai aya. Sannan ta ce, "Injiniya ne kai? Madalla. Yau mun yi sa'a. Ga baro."

Na juya na fuskanci bango don kada ya ga fuskata. Bai hana ya gani ba.

Ta raba mana safar hannu da takunkumi, ta faɗi doka. Duk abin da ruwan nan ya taɓa kuma yake shan ruwa, waje. A bakin titi tsibi huɗu za a yi, kada a haɗa: katako da kafet daban, kayan lantarki daban, fenti da magungunan wanke-wanke daban, rassan bishiya daban, don motocin kwashe shara kowacce da nata. Kafin a fitar da abu a ɗauke shi hoto saboda masu inshora. Bangon gidajen nan ba bulo ba ne, allo ne na farar ƙasa da wani abu kamar auduga a bayansa, in ya sha ruwa sai ya riƙe. Ta ce za a yanke shi daga ƙasa har sama da layin ruwan, a bar katakon tsirara ya bushe, in ba haka ba fumfuna za ta cinye gidan ta shiga ƙirjin masu gidan. Wannan kam na gyaɗa mata kai, na ga irinsu a asibiti.

Haka muka duƙufa. Ni da Amarya muna shebur, Injiniya yana tura baro. Tafiyarsa ta farko ya kifar da shi a kan matakala. Ta biyu ya kifar da shi a kan ƙafarsa. Wani dogon mutum cikin 'yan sa-kan, likitan haƙori ne a garinsu, ya nuna masa yadda ake sa nauyin a kan taya ba a kan hannu ba. Injiniya ya ce ai ya san ƙa'idar, tun a aji ya haddace ta. Na ce, "Ƙa'idar ta san ka, baron ne bai san ka ba."

Rigimar farko a kan firiza aka yi. Wata babba ce irin mai buɗewa ta sama, a ɗakin ajiya, ruwa ya juyar da ita ya jingina da bango. Saja ta naɗe ta da salatif zagaye uku, ta rubuta a jiki da manyan baƙaƙe cewa kada a buɗe. Ta ce kwana shida babu wuta, abin da yake ciki ba na ganin ɗan Adam ba ne, a haka za a ɗauke ta. Injiniya ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Rabin ragon layyata yana ciki. Da man shanun da aka kawo min daga gida. Da daddawa."

"To Allah ya ji ƙansu."

"Ke ba ki gane ba. Firizar nan a rufe take ruf, iska ba ta shiga. In ka lissafa kaurin bangonta da yawan ƙanƙarar da ke ciki..."

"Injiniya, lissafi kuma?"

Ya bari sai da Saja ta zagaya baya, ya sa mukullin mota ya yanke salatif ɗin, ya ɗaga murfin kamar tsawon yatsa. Ni dai na yi shekaru a ɗakin marasa lafiya, hancina ya ga duniya, amma ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar titi ba, rambut ɗaya a ƙafa ɗaya a cikin gida. Likitan haƙori ya biyo ni yana tari. Har maƙwabta sai da suka ɗago kai. Injiniya ya fito daga ƙarshe, idanunsa suna zubar da ruwa, ya tarar da Saja a tsaye ta riƙe ƙugu. Ba ta yi faɗa ba. Salatif ɗin ta miƙa masa ta ce, "Zagaye shida. Kai kaɗai."

Da ya dawo na ce masa, "Daddawar dai na san ba ta ji komai ba, ita a gida take."

Amma kada in ci amanarsa, akwai inda ya fitar da mu kunya. Bayan mun yi azahar a kan kwali a tsakar gida, mun ci dafa-duka tare da 'yan sa-kan, waɗanda yaji ya sa su shan ruwa kamar raƙuma amma ba wanda ya ajiye cokali, sai aka shiga ɗakin baya za a fara yanke bango. Injiniya ya shiga da baronsa, ya tsaya cak. Ya taka ƙasan ɗakin a nan, ya taka a can. Ya fita ya kwanta rub-da-ciki a cikin laka ya leƙa ƙarƙashin gidan da fitilar waya. Ya taso ya ce kowa ya fita daga ɗakin nan yanzu. Muryar da ya yi maganar da ita ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Ashe ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin ginshiƙi ɗaya, katakon da ya ɗauki ɗakin yana rataye ne kawai. Saja ta leƙa da kanta, ta miƙe, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce a ɗaure ƙofar ɗakin da jan ƙyalle. Sannan ta tambaye shi ko zai iya duba mata gidaje uku a layin, na wasu tsofaffi da take shakka. Ya tafi yana taku ɗai-ɗai, laka tun daga gemu har gwiwa. Da zai wuce ni ya ce, "Riƙe min baron, Malama Nas."

Yana can muka kai ga kabad ɗin ɗakin kwanansu. A can ƙasa Amarya ta jawo wani gwangwanin biskit mai tsatsa, ta buɗe, ruwa ya tsiyayo. Kaset-kaset ne guda bakwai, laka ta shiga ko'ina, rubutun jikinsu ya narke. Na ɗauka na wa'azi ne ko na waƙa, har na nufi tsibin kayan lantarki da su. Ta riƙo rigata.

"Na Gwaggo ne."

Na manta sam. Lokacin da ya zo karatu babu waya a garinmu, Gwaggo kuma ba ta rubutun boko. Sai ta sa a kawo mata rikoda, ta zauna a tabarma ta yi masa magana har kaset ya cika, a ba wani mai tahowa. Shekara tara ke nan da rasuwarta. Ban san ya ajiye su ba, ita ma Amarya ta ce tun da suka yi aure ba ta taɓa ganin ya saka ba, amma duk gidan da suka koma da hannunsa yake ɗaukar gwangwanin.

Da ya dawo ya gan su a jere a kan baranda, sai ya zauna a matakala ya cire tabarau yana goge shi da rigar da ta fi tabarau ɗin datti. Na nemi abin tsokana na rasa. Na zauna kusa da shi kawai.

Muna nan zaune sai ga maƙwabcinsu, wani tsoho mai kamun ƙaguwa, fatarsa duk rana ta gasa, wanda ruwa ya shiga gidansa sau huɗu a rayuwarsa kuma bai ga dalilin tashi ba. Ya ɗauki kaset ɗaya ya ɗaga shi a rana. Ya ce kada mu kuskura mu bar su su bushe da gishirin a jiki, kuma kada mu saka su a rikoda. Ya ce shi ya taɓa ceto nasa. A kwance ƙusoshin, a wanke zaren a tataccen ruwa, a bar shi ya sha iska a inuwa kwana da kwanaki, sannan a mayar da shi cikin sabon gida. Ya tambayi waye a ciki. Injiniya ya ce, "Mahaifiyata." Tsohon ya tattara su a hularsa ya tafi da su.

Sati biyu bayan nan na koma kai musu abinci. Gidan ya zama ƙashi, rabin bango babu, manyan fankoki suna ta gurnani, warin bilic ya kori na laka. Su suna kwana a wani ɗaki da aka ba su a cikin gari. Da hantsi tsohon ya tsayar da tsohuwar motarsa a ƙofa ya yi mana hannu. Uku sun tsira, in ji shi, huɗu sun tafi. Kuma a duk layin babu mai rikoda sai motarsa. Muka cusa kanmu a gaba, ni da Amarya da Injiniya, motar tana warin ƙaguwa, shi tsohon ya tsaya a waje ya jingina da taga.

Da farko shuu kawai muke ji. Sai zakara ya yi cara. Sai ga ta, kamar tana bayan kujera.

"Yana ɗauka? Kai, ka tabbata yana ɗauka? To. Salamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyi, ya baƙunta..."

Amarya ta rufe baki da mayafi. Gwaggo ta gaishe shi ta kai minti biyar, ta isar da gaisuwar mutanen unguwa gida-gida, har da waɗanda na tabbata ba su aiko ba. Ta ba shi labarin akuyarta da ta haifi uku. Daga nan murya ta canza. Ta ce ta ga hoton da ya aiko, ya tsaya a gaban wani farin gini babu hula, gashi buzu-buzu kamar wanda ba shi da kowa. Ta ce in babu wanzami a ƙasar, ya faɗa a aiko masa da aska.

Tsohon da ke taga, wanda bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, ya ce, "Wannan faɗa take yi wa wani." Injiniya yana dariya hawaye yana bin gemunsa, ya ce, "Ni ne."

Ina cikin jin daɗina, har na fara tanadin maganar aska don gaba, sai Gwaggo ta ce, "Ga 'yar gidan Yaya nan ta zo min hutu, jiya ta ƙona min miya. Ke, zo ki gaida yayanki." Aka yi 'yar kokawa da rikoda. Sai wata siririyar murya, mai kunya, ta ce, "Ina wuni, Yaya. Yaya don Allah in za ka dawo ka taho min da agogo mai ja. Na gode, Yaya."

Ni ce. Ina 'yar shekara goma sha uku. Ni da na sha rantsuwa a gaban mutane cewa ban taɓa ce masa Yaya ba, kuma ba zan fara ba.

Injiniya ya sa yatsa ya tsayar da kaset ɗin. Ya juyo gaba ɗaya, a hankali, yadda ƙuncin motar ya bari.

"Sau nawa, Amarya?"

"Uku na ji."

"A mayar baya, ban ji da kyau ba."

Na ce ruwan gishiri ne ya ɓata zaren, muryar wata ce. Ya mayar baya. Sau huɗu ya mayar, har tsohon ya koyi kalmar yana maimaitawa daga taga. Na ce to ina agogon? Ya ce ai bai dawo ba tukuna, karatu yake.

Kafin sanyi ya shiga aka ɗaga gidan a kan dogayen ginshiƙai, shi ya zana da kansa, magina suka bi. An mayar da kaset ukun cikin waya, an tura wa dangi har gida, yanzu babu wanda bai ji ni ina roƙon agogo ba. Na ukun ne bai kai ƙarshe ba. Wajen tsakiya Gwaggo ta rage murya ta ce, "Sannan akwai maganar da nake so ka riƙe, kada ka gaya wa kowa, musamman..." Daga nan sai shuu, gishiri ya cinye sauran. Injiniya ya ce ya tuna sarai, sunana ta faɗa. Na ce to wace magana ce? Ya ce ai an ce kada ya gaya min.